Ilimin Gindin Darbejiya: Koyon Yau da Gobe da Ƙwarin Gwiwar Malamai a Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa harabar makarantar firamare a ƙauyukan Birnin Kudu ko na Gwaram a lokacin tara, ya san irin zaman da malamai kan yi a gindin darbejiya. Benci ɗaya ne ko tabarma, sai rajista da guntun alli da wayoyin hannu. Hira takan faro daga albashi da farashin taki, ta gangaro kan damina. Can sai wani sabon malami ya yi ƙasa da murya ya ce 'yan ajinsa sun kasa bambance "k" da "ƙ" a rubuce, ko kuma shi kansa yana kokwanton "shi ne" ake rubutawa ko "shine". Sai wani dattijo da ya daɗe yana riƙe da alli ya ɗauki tsinke ya yi zane a ƙasa, ya nuna masa yadda yake sa yara su faɗi "kafa" da "ƙafa", su ji bambancin a kunne kafin su gan shi a allo. Kafin a kaɗa ƙararrawa magana ta ƙare. Babu alawus, babu takardar shaida, babu wanda ya rubuta sunayen mahalarta. Amma malamin nan ya koma aji da abin da bai fito da shi ba, kuma muryarsa a gaban yara ta sauya.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, kaso mai tsoka na ƙwarin gwiwar da malamin karkara yake tsayawa da shi a gaban aji daga irin wannan zama yake samuwa, kuma hukumomin ilimi da masu bincike sun daɗe suna ƙirga tarukan bita suna mantawa da shi. Sai dai zaman yana da nasa lahanin, domin yadda yake yaɗa daidai haka yake yaɗa kuskure. Abin da ya kamata shi ne a gane shi, a ba shi lokaci, a kuma haɗa shi da ingantaccen sani, ba tare da an shaƙe shi da takardu ba.

Abubuwa Biyu da Ake Magana a Kansu

Abin da ake nufi da koyon yau da gobe a nan shi ne duk sanin aiki da malami yake samu ba tare da manhaja ko jarrabawa ko takardar shaida ba. Ya haɗa da tambayar abokin aiki, da leƙa ajin wani, da gwada wata dabara a ga ta ci ko ta faɗi, da sauraron rediyo, da saƙon murya a zauren WhatsApp, da zaman ɗaukar karatu a zauren malamin unguwa. Masanin nan na Ingila, Michael Eraut, wanda ya yi dogon nazari kan yadda ma'aikata ke koyo a bakin aiki, ya nuna cewa yawancin wannan koyo ba ya ganuwa, har shi mai koyon ba ya ɗaukarsa a matsayin koyo. A tambayi malami horon da ya samu bana, zai ƙirga bitar da aka kira shi. Ba zai ambaci zaman gindin bishiya ba, domin a ganinsa hira ce.

Shi kuwa ƙwarin gwiwar aiki, shi ne yaƙinin da malami yake da shi cewa zai iya sa waɗannan yara, a wannan aji, su gane wannan darasi. Dole a raba shi da ƙarfin hali. Mai ƙarfin hali yakan ɗaga murya, ya cika allo da rubutu, ya hana tambaya. Mai ƙwarin gwiwa yakan bar yaro ya yi tambaya, domin bai ji tsoron a gano iyakarsa ba, kuma ya san inda zai nemo amsa idan ta kuɓuce masa. Daga bakin taga su biyun sukan yi kama da juna. A littafin yaro ne ake gane bambancinsu.

Inda Ƙwarin Gwiwa Yake Tsirowa

A shekarar 1977 masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura na Jami'ar Stanford da ke Amurka, ya fito da ra'insa game da amincewar mutum da iyawarsa. Ya ce wannan amincewa tana da maɓuɓɓuga huɗu. Ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce mutum ya yi abu da hannunsa ya ga ya yi nasara. Ta biyu ita ce ya ga wani irinsa ya yi. Ta uku ita ce wani da yake ganin girmansa ya ƙarfafa masa gwiwa da baki. Ta huɗu kuwa ita ce halin da jikinsa da zuciyarsa suke ciki a lokacin aikin, ko natsuwa ko fargaba.

Idan aka ɗora waɗannan a kan rayuwar malami a Basirka ko Sundimina, za a ga cewa taron bita na kwana uku a babban gari ba ya iya samar da mafi yawansu. Nasara a aji take faruwa. Ganin wani ya yi kuwa, Bandura ya jaddada cewa tasirinsa yana ƙaruwa gwargwadon kamannin mai yi da mai kallo. Jami'in da ya zo da majigi ya nuna darasi a ɗaki mai fanka, ga kati mai launi ga kujera ga kowa, ya burge, amma malamin ƙauye yana kallo yana cewa a ransa wannan ba ajinsa ba ne. In kuwa maƙwabcinsa na aji uku, mai fama da cunkoso iri ɗaya da ƙarancin littattafai iri ɗaya, ya raba yara rukuni-rukuni ya ɗora manya a kan ƙanana har aka yi karatu, to uzuri ya ƙare, gani kuma ya kori ji. Haka ma ƙarfafawa ta baki. Kalmar "ka iya" daga bakin tsohon malamin da ya tsaya a bayan aji ya ga darasin da idonsa ta fi nauyi a kan yabon da ake rabawa kowa a ranar rufe taro.

Binciken da ƙungiyar OECD take gudanarwa a kan malamai tun daga 2008 ya sha nuna cewa malaman da suke aiki tare, suna shiga azuzuwan juna suna tattauna darasi, sukan fi bayyana amincewa da iyawarsu. Wannan alaƙa ce, ba hujjar cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, domin mai yiwuwa ne wanda ya riga ya amince da kansa shi ne yake yarda a shigo masa aji. Mafi kusa da hankali shi ne abubuwan biyu suna ciyar da juna: tambaya tana kawo sani, sani yana kawo nasara, nasara kuma tana rage jin nauyin sake tambaya.

Gadon da Boko Ya Tarar

Ba baƙon abu ba ne wannan a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan boko, tsangaya ta san cewa malami a cikin malanta yake ƙwarewa. Kolo yana kallon titibiri, titibiri yana kallon gardi, gardi kuma ana ba shi ƙananan yara ya biya musu tun shi kansa bai gama ba. Babu ranar da ake ce masa yau za a koya maka koyarwa. Ya ga yadda alaramma yake yi, an ba shi kaɗan ya gwada, an gyara masa, an ƙara masa.

Abin da ya fi dacewa da wannan batu shi ne zaman darasu, inda mahaddata suke haɗuwa a karanta abin da aka rubuta a allo, a gyara wasali da ɗigo a bainar jama'a, da kuma musaffa, inda ake karatu bi da bi, kowa yana sauraron ɗan'uwansa. A wannan zama, gyara ba cin fuska ba ne. Wanda allonsa ya sha ratsa darasu ya fita lafiya, idan ya zauna gaban almajirai ba ya rawar murya, domin tsararrakinsa sun riga sun tace shi. A ɓangaren mata, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji suke zuwa su ɗauki karatu su koma ƙauyukansu su karantar da 'yan'uwansu mata. Malfar da ake ɗora wa jaji shaida ce a idon jama'a cewa an yarda da ita, yardar kuma ita ce ƙwarin gwiwarta.

Masana a Turai da Amurka sun zo sun ba irin wannan koyo suna daga baya. A 1991 Jean Lave da Etienne Wenger suka wallafa nazarinsu kan yadda sabon shiga yake farawa daga gefe har ya kai tsakiyar sana'a, kuma ɗaya daga cikin misalansu daga Afirka ta Yamma yake, wato telolin Vai da Gola na Laberiya. Yaron tela a can da guga da ɗinkin maɓalli yake farawa, sai ɗinki, yanka ne ƙarshe. Duk wanda ya zauna a rumfar tela a kasuwar Sara zai gane wannan tsari ba tare da an fassara masa ba. Abin mamaki shi ne, koyarwar boko ce kaɗai sana'ar da ake miƙa wa sabon shiga almakashi a ranar farko, a rufe shi a aji shi kaɗai, a ce ya yanka.

Bita da Iyakarta

Babu mai musun cewa an yi ƙoƙari ta fuskar horo na hukuma. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa a 1976, buƙatar malamai ta sa aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta horar da ɗimbin malamai suna bakin aikinsu. Bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Kwalejin Ilimi ta Gumel ta ci gaba da yaye masu takardar NCE, daga baya kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa suka zo. Jigawa tana cikin jihohi shida da shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya yi aiki a cikinsu daga 2008, tana kuma cikin jihohi ukun farko na shirin TDP da aka fara a 2013 tare da Katsina da Zamfara. A 'yan shekarun nan shirin PLANE ya ɗora a Jigawa da Kano da Kaduna.

Abin lura shi ne, su kansu waɗannan shirye-shirye sun gane cewa taro shi kaɗai ba ya isa. ESSPIN ya dogara da jami'an tallafa wa makarantu masu kai ziyara, da kuma shugabannin makarantu masu jagorantar tattaunawar malamansu. TDP ya raba wayoyi ɗauke da bidiyon darussa, ya kuma tsara haɗuwar malaman makarantun da ke kusa da juna. Wato dai ƙoƙari ne na kwaikwayon zaman gindin bishiya. Matsalar ita ce, shirin da kuɗin waje ya haifa yana da ranar ƙarewa. Idan kuɗin mota ya tsaya, haɗuwa takan tsaya. Abin da yake saura shi ne zaman da tun asali ba a biya kowa ya zo ba.

Akwai kuma matsalar horon da ake sauko da shi mataki-mataki, daga ƙwararru zuwa masu horarwa na jiha, zuwa na ƙaramar hukuma, zuwa malami ɗaya ko biyu daga kowace makaranta. Kamar ruwa ne da ake miƙawa da tafin hannu, kafin ya kai na ƙarshe saura danshi. Ko wannan danshin ma, a zaman tara yake isa ga sauran malamai, idan wanda ya je bitar ya ba da labari. Ashe ko horon hukuma a kan koyon yau da gobe yake hawa kafin ya shiga aji.

Batun ya ƙara girma da shirin J-Teach, wanda gwamnatin jihar ta ɓullo da shi a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar domin ɗaukar matasa aikin koyarwa na wucin gadi, daga bisani aka tabbatar da dubbai daga cikinsu. Birnin Kudu, mai mutane fiye da 300,000 a ƙidayar 2006, da Gwaram, mai fiye da 250,000, suna cikin ƙananan hukumomi mafi yawan jama'a a jihar, makarantunsu kuma a warwatse suke cikin ƙauyuka. Matashin da aka tura ɗaya daga cikinsu, abin da zai zama nan da shekara biyar ya dogara matuƙa a kan waɗanda ya tarar a benci.

Malamin Hausa da Nauyinsa na Daban

Wannan batu ya shafi masana Hausa kai tsaye. An daɗe ana ɗaukar cewa duk mai jin Hausa zai iya koyar da ita, saboda haka sau da yawa akan ba da darasin ga wanda bai karance ta ba. Irin wannan malami yana magana da harshen ba gargada, amma idan aka zo kan rabewa da haɗewar kalmomi, ko tsawon wasali, ko karin sauti, ko sunayen rukunan nahawu, sai ƙasa ta zame masa. Ya ji nauyin tambaya, domin ana ganin abin kunya ne Bahaushe ya ce bai san Hausa ba. Sai ya koma ga abin da ya gani a allunan talla da saƙonnin waya, inda "yana" take zama "ya na", "ƙasa" take zama "kasa".

Yankin yana da wani ƙarin ƙalubale. Gwaram tana iyaka da Jihar Bauchi, kuma sanannen abu ne cewa Bausanci ba ya rarrabe jinsi a mahaɗi yadda Daidaitacciyar Hausa take yi, har a ji "rigan" a inda littafi ya ce "rigar". Akwai kuma yaran Fulani da suke zuwa aji ɗaya da Fulatanci a bakinsu, da Warjawa a wasu sassan Birnin Kudu. Yadda za a gyara wa yaro rubutu ba tare da an muzanta harshen gidansu ba, ba abu ne da ake samu cikakke a littafin kwaleji ba. Tsofaffin malaman yankin ne suka san shi, domin sun yi shekaru suna gwadawa.

Ga kuma sauye-sauyen manufa. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare. A Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da faɗaɗa hakan zuwa shekaru shida, sai kuma a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya sanar da komawa ga Ingilishi. Malamin da ke Kila ko Wurno a rediyo yake jin waɗannan, kuma da abokan aikinsa yake zama su yanke yadda za su yi da yaran da ke gabansu gobe da safe. Kayan aiki kuwa akwai su. Akwai ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da aka wallafa a 1990, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, akwai littattafan nahawu da na ƙa'idojin rubutu. Tambayar ita ce ko nawa ne daga cikinsu suka taɓa isa gindin darbejiya.

Inda Gizo Yake Saƙa

Zai zama son zuciya a yabi koyon yau da gobe a yi shiru a kan illarsa. Illa ta farko ita ce yana gadar da kuskure. Dan Lortie ya lura tun 1975 cewa kafin mutum ya shiga kwalejin horo ya riga ya shafe kimanin sa'o'i 13,000 yana kallon malamai a matsayinsa na ɗalibi, kuma wannan kallo yakan rinjayi abin da aka koya masa daga baya. Idan abin da ya gani shi ne bulala da "ku maimaita", kuma ya zo ya tarar da shi a makarantar da aka tura shi, to zaman benci zai tabbatar masa da shi ne kawai. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Dattijon da ya koya wa sabon malami bambance "k" da "ƙ" zai iya koya masa cewa rubuta tsarin darasi ɓata lokaci ne sai ranar da sufeto zai zo.

Illa ta biyu ita ce yana iya samar da yaƙini marar tushe. Idan malamai biyar suka haɗu a kan kuskure ɗaya, kowannensu zai tashi da ƙarin tabbaci. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda gwamnatin jihar ta ce malamai 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin jarrabawar da aka yi musu a matakin aji huɗu, ya jawo muhawara mai zafi a kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, darasi biyu sun fito fili. Shekarun aiki ba sa tabbatar da sanin darasi, kuma tozarta malami a bainar jama'a yana kashe ɗabi'ar tambaya, domin wanda yake tsoron kora ba zai ce bai sani ba.

Illa ta uku ita ce rashin daidaito. Zaman benci da majalisar yamma da teburin mai shayi na maza ne. Malama takan tashi daga aji ta wuce gida, inda wani aikin yake jiranta, kuma kunya takan hana ta tsayawa cikin maza ta yi tambaya. Haka nan malamin da aka tura rugar da malamai biyu ne kacal, ko shi kaɗai, ba shi da wanda zai leƙa. Wayar hannu ta rage wannan giɓi, amma tana buƙatar kuɗin data da caji da sabis, kuma abin da yake yawo a zaurukan WhatsApp babu mai tace shi. Sakamakon haka, wanda ya fi buƙatar abokin shawara shi ne ya fi rashinsa.

Matsalar Awo

Akwai gargaɗi ga masu bincike. Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen auna amincewar malami da kansa, irin wanda Tschannen-Moran da Woolfolk Hoy suka fitar a 2001, tambayar malami yake yi ya faɗi gwargwadon iyawarsa da bakinsa. An gina shi a al'ummar da faɗin "na iya" ba aibi ba ne. A ƙasar Hausa kuwa yabon kai jahilci ne. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki, ya sanya kunya da ladabi cikin siffofin da Bahaushe yake auna mutum da su. Gwanin malami idan aka tambaye shi zai ce ana dai taɓawa, ko ya ce sai godiyar Allah. Wani kuma, ganin takardar ta fito daga baƙo mai kama da jami'in gwamnati, zai cike kowane gurbi da "ƙwarai da gaske" don tsare abincinsa. Duk wanda ya fassara irin wannan ma'auni kalma da kalma ya raba a Birnin Kudu, ya auna tawali'u da tsoro ne, ya kira su ƙwarin gwiwa. Wannan aiki ne da masana harshe da al'ada suka fi kowa cancantar gyarawa, ta hanyar zama da malamai, da sauraron kalmomin da su kansu suke siffanta gwani da su, da haɗa abin da suka faɗa da abin da aka gani a aji.

Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, a ba wannan koyo lokaci a cikin jadawali. Sa'a ɗaya a mako, cikin lokacin aiki, wadda malaman makaranta za su zauna a kan darasi ɗaya tak da ya gagari yara, ta wadatar. Sanya ta cikin lokacin aiki shi zai ba malamai mata damar halarta. Japan ta daɗe da irin wannan tsari, inda malamai suke shirya darasi tare, ɗaya ya koyar saura su kalla, sannan a tattauna, kuma an gwada makamancinsa a Nijeriya ta shirin SMASE na lissafi da kimiyya a jihohin Kaduna da Neja da Filato. Amma ba sai an je da nisa ba. Idan aka ce wa malamin Gwaram darasu za a yi wa darasinsa, ya gane nufin, ya kuma san gyara ba raini ba ne.

Na biyu, a raba wannan zama da sa ido na hukuma. Ranar da abin da malami ya faɗa a zaman ya shiga fayil ɗinsa, ranar zaman ya mutu. Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, tana buƙatar malamai su riƙa sabunta saninsu. Za ta iya karɓar shaidar shugaban makaranta cewa ana zaman, ba tare da neman rahoton wanda ya yi kuskure ba.

Na uku, sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi su riƙa duba wanda sabon malami zai tarar kafin su tura shi. A haɗa kowane sabon ɗauka da gogaggen malami na tsawon shekara guda. Tsofaffin malamai masu takardar daraja ta biyu da suka yi ritaya suna nan cikin garuruwa, da yawansu kuma za su ji daɗin a nemi shawararsu.

Na huɗu ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i da kwalejoji. Tun da an san ta inda sani yake bi ya isa ga malami, sai a zuba ingantacce a wannan magudana. Saƙon murya na minti uku a kan ƙa'idar rubutu guda ɗaya, da shafi ɗaya mai bayanin karin harshe da Daidaitacciyar Hausa, da malamin jami'a ɗaya a cikin zauren WhatsApp na malaman yanki mai amsa tambaya ba tare da gatse ba, za su kai inda mujalla ba ta kaiwa.

Kammalawa

Birnin Kudu gari ne da ya san darajar makaranta, kwalejin gwamnati da ke cikinsa ta yaye mutanen da ƙasa ta san da su. Amma kafin kowane ɗalibi ya kai can, sai da wani malamin firamare ya tsaya gabansa ya yarda cewa zai iya koya masa baƙi da wasali. Takardar NCE ta ba wannan malami izinin shiga aji, bita ta ba shi sababbin dabaru, amma yardar da yake tsayawa da ita a hankali ta ginu, daga darasin da ya ci, da wanda ya faɗi aka gyara masa, da abokin aikin da bai yi masa dariya ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Aikin hukuma da na masana shi ne su tabbatar cewa malamin da ke ƙauye mafi nisa a Gwaram yana da wanda zai tambaya, kuma amsar da zai samu daidai ce.